Yadda muka kai kiɗanmu wani bikin hunturu a arewacin Finlan

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, muna kiɗan rok: jita biyu, jitar bes, da ganguna. Babbanmu bai kai shekara 30 ba, kuma kafin wannan tafiya babu wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara a cikinmu sai a hoto. Wani bikin kiɗa da ake yi a tsakiyar hunturu, a wani gari kusa da birnin Oulu a arewacin Finlan, shi ya gayyace mu mu yi wasan minti 45 a farkon watan Fabrairu. Ni ke kaɗa jita ta biyu, kuma ni aka ɗora wa ɗawainiyar takardu tunda ba mu da manaja. Tun da muka dawo matasan makaɗa ke ta yi mini tambayoyi, kuma tambayoyin nasu su ne dai waɗanda suka hana ni barci a wancan lokaci. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana bi da bi.

Saƙon farko ta imel ya zo, wajen ƙarshen watan Agusta. Matar da ke tsara jerin masu wasa a bikin ta ga bidiyon wani wasa da muka yi, ta tambaya ko za mu iya zuwa. Ranar ko atisaye ba mu yi ba, murna ta hana. Washegari na kai saƙon wurin wani dattijon makaɗi da muke girmamawa, wanda ya sha zuwa Turai wasa a zamaninsa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya miƙo mini wayar ya ce, "Yarona, wannan ai gaisuwa ce, ba a gayyace ku ba tukuna. Ka ce su aiko da kwantiragi." Na ce, "Baba, kada su ga kamar mun cika zaƙewa." Ya ce duk wanda ya saba ɗauko makaɗa daga waje ba ya jin haushin wannan tambaya, wanda kuwa ya ji haushi, to bai shirya ɗaukar kowa ba. Na rubuta musu, ba a yi mako guda ba suka aiko. Muka zauna da Baba muka bi takardar layi-layi. Muka tabbatar an rubuta sunan kowa harafi da harafi yadda yake a fasfo, da ranar wasa da tsawonsa, da wanda zai ɗauki nauyin tikitin jirgi da masauki da motar zirga-zirga. Abu biyu ne babu a ciki muka nemi a ƙara: me zai faru in an hana ɗayanmu biza, me kuma zai faru in guguwar ƙanƙara ko tsananin sanyi ya sa an soke wasan waje. Suka amince cewa in yanayi ya ɓaci za a mayar da wasan cikin zaure, kuma kuɗinmu na nan daram.

Akwai layi ɗaya a kwantiragin da ya kamata kowa ya tsaya a kansa, wato maganar haraji. Finlan tana cire kashi 15 cikin 100 daga kuɗin mawaƙi ko makaɗin da ba mazaunin ƙasar ba, kuma mai shirya wasan ne ke cirewa kafin ya biya ka. Ba su kaɗai ke yin haka ba, ƙa'ida ce da ƙasashe da yawa ke bi, cewa mai wasa yana biyan haraji a inda ya yi wasan. Ke nan in an rubuta maka yuro 2,000, abin da zai shigo hannunka 1,700 ne. Ka tambaya a rubuce ko adadin da aka faɗa kafin haraji ne ko bayansa. Mun yi wannan lissafi tun farko a gaban kowa, shi ya sa ranar rabon kuɗi babu wanda ya ga kamar an ci da haƙƙinsa.

Daga nan suka nemi wasu takardu biyu da ban taɓa rubuta irinsu ba. Ɗaya jerin kayan sautin da muke bukata ne: amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) nawa kuma wace iri, makirfo nawa, girman gangunan da makaɗinmu ya saba da su. Ɗayar kuma zanen dandamali ne, a nuna inda kowa ke tsayawa, inda lasifikar da ke fuskantarsa za ta zauna, da inda yake bukatar soket. A nan muka yanke shawarar da ta sauƙaƙa mana rabin wahalar tafiyar: ba za mu ɗauki amfilifaya ko manyan ganguna ba, masu bikin za su tanada. Mu namu jitoci uku ne, da fedodin sauya sauti da ake takawa, da ƙaramar gangar tsakiya, da faya-fayan tagulla. Lantarkin can bolt 230 ne, soket ɗinsu mai rami biyu zagaye, don haka na bi bayan kowace na'ura na karanta abin da aka rubuta a jikinta, na sayo mahaɗan da za su shiga.

Biza ita ce ta ci mafi yawan lokacinmu da kwanciyar hankalinmu. Finlan tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar da ta dace da mu kuwa gajeriya ce, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Dokar Finlan ta yarda ƙwararren mai wasa da aka gayyata ya yi aikinsa har kwana 90 ba tare da izinin zama ba, amma kowace ƙasa a yankin da tata dokar a kan wasan da ake biyan kuɗi, kada ka ɗauki ta Finlan ka auna wata da ita. Ana iya shigar da takardu tun ana saura wata 6 a yi tafiya, kuma bai kamata a bari ya rage ƙasa da kwana 15 ba. Dole fasfo ya kasance yana da sauran wata 3 bayan ranar da za ka fita yankin, an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma yana da shafi biyu da ba a buga komai ba. Da na karɓi fasfunan kowa na duba, sai ga na mawaƙinmu, mai kaɗa jita ta farko, zai ƙare a watan Afrilu. A ido yana da rai har bayan dawowarmu, amma a ƙa'ida bai isa ba. Sai da ya sabunta, mu kuma muka jira shi, domin lambar sabon fasfon ce za ta shiga takardar gayyata da inshora da komai.

Kowannenmu ya haɗa nasa fayil daban, domin ba a ba ƙungiya biza, mutum ake ba. A ciki akwai fom ɗin nema, inda muka zaɓi harkar al'adu a gurbin dalilin tafiya, da hoto, da takardar gayyata mai sa hannu, da kwafin kwantiragi, da shaidar masauki, da takardar ajiye kujerar jirgi, da bayanan asusun banki na watannin baya. Sai inshorar lafiya ta tafiya, wadda dole ta kai yuro 30,000, ta shafi dukkan yankin Shengen da dukkan kwanakin zama. Finlan tana son ganin cewa baƙo yana da yuro 50 na kowace rana, don haka na roƙi masu bikin su bayyana ƙarara a takardarsu cewa masauki da ci da sufuri duk a wuyansu suke. Na kuma saka wa kowa shaidar cewa da gaske makaɗi ne: fastocin wasanni, hotuna, da adireshin waƙoƙinmu a intanet. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Dokar bizar Shengen ta ce ana iya yafe kuɗin ga 'yan shekara 25 zuwa ƙasa da za su halarci taron al'adu na ƙungiyar da ba ta neman riba, sai dai wannan sassauci ne da ya rage ga ƙasar. Mu cikakken kuɗi muka biya, amma wanda ya shiga wannan rukuni ya tambaya kafin ranarsa.

Ranar miƙa takardu da sassafe muka isa, aka tantance mu a ƙofa, aka ba kowa lamba, muka zauna muna kallon allo. Ma'aikaciyar da ta kira ni ta riƙa juya takardun ɗaya bayan ɗaya tana yin alama a wani jeri da ke gabanta. Ba ita ke yanke hukunci ba, aikinta ta karɓa ta tura ofishin jakadanci, don haka dogon bayani a gabanta ba ya ƙara maka komai, abin da kake son faɗa ka rubuta shi cikin wasiƙa ka saka a fayil. Wurin ɗaukar hoton yatsu ne muka ɗan daɗe. Duk mai kaɗa jita ya san yatsun hannun da ke danna tsirkiya kanta suke yi, zanen fatar ya shafe. Na ɗora yatsuna a kan gilashin, na'urar ta karɓi na dama, ta ƙi na hagu. Aka ce in murza su a goshina su ɗan yi laima, na sake ɗorawa, na danna da gefen yatsa maimakon tsininsa, sannan ta yi kore. Mai jitar bes ma haka ya sha. Ana ajiye hoton yatsun, don haka wanda ya sake nema cikin wata 59 galibi ba sai an sake ɗauka ba. Aka ba mu rasit mai lambar bibiya, muka fito ba fasfo a hannun kowa.

A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma ana iya tsawaitawa har kwana 45 in akwai abin da ake son ƙara dubawa. Fasfo uku suka fito da biza. Na makaɗin gangarmu ne shiru, sai ga saƙo ana neman ƙarin shaidar yadda yake samun abin rayuwa. Mu uku muna da wani aikin albashi ko karatu a gefe, shi kuwa kiɗa ne kawai sana'arsa, kuma yawancin kuɗinsa hannu da hannu ake ba shi, asusunsa bai nuna komai ba. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin a cikinmu shi ne ya fi kowa cancantar a kira shi makaɗi, kuma shi ne takarda ta kasa shaida. A waɗannan makonni yana zuwa atisaye ya yi kiɗansa ya tafi, ba ya ko tsayawa hira. Wata rana ya ce mini, "Yaya, in ta ƙi, ku nemi wani ku tafi da shi." Na ce masa ba a kai nan ba. Muka bi wuraren da yake wasa da situdiyon da yake yi wa aiki, kowa ya rubuta mana wasiƙa mai hatimi, da kwanan wata da adadin da ake biyansa. Matar da ta gayyace mu ita ma ta rubuta wa ofishin kai tsaye, ta ce ba a iya wannan wasa sai da shi, ta haɗa da shafin bikin da sunan ƙungiyarmu ya riga ya fito. A watan Janairu bizarsa ta fito, alhamdu lillahi. Da fasfo ya dawo hannunka, kafin ka bar wurin ka duba sunanka, ranar farawa da ta ƙarewa, adadin kwanaki, da yawan shigar da aka ba ka. Sai bayan nan aka yanki tikiti na gaske, kuma jiran ya sa kuɗinsa ya ƙaru.

Ana cikin jiran ne na bi maganar kwastan. Akwai wata takarda da ake kira ATA, wadda cibiyoyin 'yan kasuwa ke bayarwa, tana ba ka damar shiga da kayan sana'a wata ƙasa ka fito da su ba tare da biyan haraji ba, tana aiki shekara guda. Ƙasashe kimanin 80 ne ke cikin tsarin, ba duka ba. Mu ba mu bukace ta ba, saboda dokar kwastan ta Tarayyar Turai ta yarda matafiyi ya shiga da kayan kiɗan da ake iya ɗauka a hannu don sana'arsa, ya bi ta ƙofar da aka yi wa alamar kore, muddin zai fita da su. Da mun ɗauko amfilifayoyi da manyan akwatuna a kaya na daban, da maganar ta sauya. Duk da haka na rubuta jerin kowane abu da lambar da ke jikinsa, na haɗa da hotuna da rasit ɗin saye, na kai ofishin kwastan na wajenmu aka duba, don kada ranar dawowa a ɗauka sababbin kaya muka sayo. Na kuma binciki katakon jitocinmu. A 2017 aka sa itatuwan rozwud cikin jerin da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, ke sa wa ido, a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗan da aka riga aka ƙera daga wannan takura, ban da rozwud na Brazil wanda har yanzu sai da takardar izini. Namu sababbin jitoci ne, babu shi a ciki, amma mai tsohuwar jita ya bincika. Riguna da faya-fayan sayarwa kuwa wannan sassauci bai shafe su ba, kayan ciniki ne, sai an bayyana su an biya haraji, kuma babban harajin kaya a Finlan kashi 25.5 ne. Sai muka tura zanen rigar, masu bikin suka buga mana kaɗan a can.

Kamfanonin jirgi kowanne da tasa ƙa'idar a kan kayan kiɗa. Na kira, na kuma nemi su tabbatar mini ta imel, na buga amsar na riƙe a hannu. Muka sa kowace jita a akwati mai tauri, muka ɗan sassauta tsirkiyoyi, muka cusa tufafi ƙarƙashin wuyanta da kewayen kanta har ta daina motsi in an girgiza. Fedodi da wayoyinsu a jakar hannu muka sa, haka ma batiran lithiyum, waɗanda dama ba a yarda a sa su a kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa ba. Jakar faya-fayan tagulla ta fi yadda ake zato nauyi, sai da muka raba su gida biyu don kada a wuce kilo 23.

Mun sauya jirgi a wata ƙasa da ba ta cikin Shengen, don haka a Helsinki, babban birnin Finlan, aka duba mu. Biza ba ta nufin dole a bar ka ka shiga, jami'in kan iyaka yana da ikon sake tambayar komai. Na riga na ba kowa kwafin gayyata da inshora da tikitin dawowa a jakar hannunsa, ba a wayata ni kaɗai ba, domin ɗaya bayan ɗaya ake kira. Ni an tambaye ni inda za mu, da ranar komawa, da wanda zai biya masauki. Na miƙa takarda, ya karanta, ya ce in wuce. A wurin ɗaukar kaya ne gabanmu ya faɗi. Jita biyu sun fito ta wata ƙofa ta gefe da ake ajiye kaya masu tsawo, jitar bes ba ta fito ba, an baro ta inda muka sauya jirgi. Kada ka fita daga wannan zaure sai ka je teburin kaya an cika maka takardar rahoto an ba ka lamba. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 a kan sufurin jiragen sama ta ba fasinja kwana 7 ya kai ƙorafi a rubuce in kaya sun lalace, kwana 21 in sun makara, kuma diyyar da ta ɗora wa kamfanin jirgi tana da iyaka, ba ta kai yuro 2,000 ba. Mai jita mai tsada ya yi mata inshora tata daban. Muka ba da adireshin masauki, na aika wa masu bikin saƙo nan take, suka ce za su tanadi ta aro ko da ba ta iso ba.

Daga filin jirgin muka hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa tashar Tikkurila, muka sauya zuwa babban da ke nufar arewa. Tafiyar kusan awa shida ce zuwa Oulu. Gani ya kori ji. Da muka sauka ma'auni yana nuna kusan digiri 20 ƙasa da sifili, numfashin farko da na ja sai na ji gashin cikin hancina ya daskare. Rigunan sanyin da muka zo da su ba su yi komai ba. Allah ya sa na riga na tura wa masu bikin girman tufafi da takalmin kowa, direban ya zo da manyan riguna da takalma na aro. Shi ya koya mana sa tufafi hawa-hawa: na ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje. Ya ce kada mu sa auduga a ciki, tana shan gumi ta riƙe, gumin ya huce a jikinka. A wannan lokaci na shekara rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara, kafin huɗu ta faɗi.

Kayan kiɗa ma suna jin wannan yanayi, kuma a nan ne na fi son makaɗa su saurare ni. In ka shigo da jita daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, kada ka buɗe akwatin. Ka bar shi a rufe na wasu awoyi har jikinsa ya daina sanyi in ka taɓa. Buɗewa da gaggawa na iya tsattsaga fentin jikinta, kuma raɓa tana kwanciya a kan ƙarfe da cikin na'urori, in ka kunna su a haka ka jawo wa kanka. Matsala ta biyu bushewa ce. Katakon jita ya fi son laimar iska ta kusan kashi 45 zuwa 55, ɗakin da ake ɗumamawa a hunturu kuwa yana bushewa ƙasa da haka sosai. Katako ya tsuke, wuya ya ɗan motsa, bakin ƙarafan da ke kan wuyan su fara karce hannu. Muka jiƙa soso muka matse, muka sa a 'yar robar da muka huda, muka ajiye cikin kowane akwati. Jitar bes ta iso masauki ana gobe wasa, mai ita ya zauna kusa da akwatin yana shafa shi, yana jiran ya yi ɗumi kafin ya ga ko lafiya take. Lafiya lau ta fito. Wannan ne ya sa nake cewa kada a yarda da tikitin da zai sauke ku ranar wasa, ko da ya fi araha.

Dandamalin a waje yake, an rufe bayansa da gefensa, ga injinan hura iska mai ɗumi a kusurwa. Lokacin gwajin sauti da aka ba mu gajere ne, amma injiniyan sauti yana riƙe da zanen da na aika watanni da suka wuce, komai na inda muka ce. Cikin 'yan mintuna muka ga yadda sanyi ke aiki. Tsirkiya ƙarfe ce, tana tsukewa, sautinta ya hau sama, ka saita yanzu ka juya ta sake gocewa. Wayoyi sun sandare ba sa lanƙwasuwa, salatif ya ƙi kama katako, batirin da na sa sabo a fedata ya fara rauni, sai muka mayar da komai kan lantarki. Injiniyan ya ba da shawarar a fito da jitocin gefen dandamali kafin wasa su saba da sanyin, maimakon a fito da su daga ɗumi kai tsaye, kuma a kunna amfilifaya masu kwalba tun da wuri su yi zafi a hankali. Ya sa wa makirfon mawaƙinmu soso don kada leɓensa ya taɓa ƙarfe mai sanyi. A ɗakin jira muka sake jera waƙoƙinmu: waɗanda ke bukatar saurin yatsa muka dawo da su farko, lokacin da hannu ke da sauran ɗumi, masu sauƙin kaɗawa muka tura baya.

Da lokaci ya yi aka ɗaga mana hannu, ba a ƙara ko minti ɗaya ba, domin a irin waɗannan bukukuwa agogo ake bi. Ina sanye da safar hannu da na yanke kan yatsunta, aljihuna biyu cike da 'yan jakunkunan ɗumama hannu. Zuwa waƙa ta uku na daina jin ɗan ƙaramin yatsana, sai da ido nake ganin inda ya sauka. Tsakanin kowace waƙa muna saita tsirkiya, mawaƙinmu yana jan mutane da magana yana kurɓar ruwan ɗumi, mu kuma mu cusa hannu a aljihu. Da muka gama waƙar farko na ɗauka ba ta karɓu ba, don ban ji tafi ba. Ashe kowa da safar hannu mai kauri, tafin yana fitowa kamar ana kakkaɓe katifa. Sai suka koma buga ƙafa a ƙasa da ihu, ga tururin numfashinsu yana tashi cikin hasken fitilu. Na waiga na ga makaɗin gangarmu, tururi na tashi daga kansa, yana dukan ganga yana dariya. A waƙar ƙarshe mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ta harshenmu ba suka karɓi amshi.

Da sauka, abu na farko a cire rigar da ta jiƙe da gumi, na biyu a mayar da jita akwati a rufe tun a waje, kafin a shiga ɗumi. Sannan wata ma'aikaciya ta zo da takarda ta ce mu rubuta sunayen waƙoƙin da muka yi da waɗanda suka tsara su. Wannan jeri yana zuwa ga Teosto, ƙungiyar da ke karɓar haƙƙin mawallafa waƙa a Finlan, ita kuma tana tura kuɗin ta hannun takwararta ta ƙasarku in akwai yarjejeniya tsakaninsu. Wanda bai yi rajistar waƙoƙinsa a gida ba, babu hanyar da kuɗin zai bi ya same shi, don haka a yi wannan tun kafin tafiya. Kuɗin wasan kansa ba a hannu ake bayarwa ba. Na rubuta takardar neman biya da bayanan asusunmu, aka turo ta banki bayan mun koma, bankunan da ke tsakani suka ɗan yanki nasu. Na nemi shaidar harajin da aka cire, suka aiko, na adana.

In zan sake daga farko, da tsarin lokaci zan fara. Wanda wasansa ke watan Fabrairu, ya kamata kwantiragi ya kasance a hannunsa kafin Oktoba, ya duba fasfon kowa a makon da aka fara magana, ya shigar da takardun biza cikin Nuwamba, don ko an tsawaita zuwa kwana 45 yana da sarari. Duk ɗan ƙungiyar da kiɗa ne kaɗai sana'arsa ya fara zuba kuɗinsa a banki yana karɓar rasit tun yanzu, tun babu gayyata. A samu mutum ɗaya a ɓangaren masu biki da ke amsa saƙo, a riƙe shi da kyau, domin wasiƙar waccan mata da rigunan aro da jitar da aka tanada duk ta hannunta suka fito.

Mun fita yankin tun bizarmu na da sauran kwana, kuma na ajiye katin shiga jirgi na kowa tare da kwafin bizar. Dokar Shengen ta tanadi cewa wanda ya samu biza uku cikin shekara biyu, ya yi amfani da su bisa ƙa'ida, ana iya ba shi ta shekara guda mai shiga da yawa. Fayilolin nan huɗu suna wurina, kowanne da sunan mai shi, na kuma ɗauki hoton kowane shafi na tura wa kowa nasa.